Na Ninka Sauri a Dawowa, Me Ya Hana Lissafin Cika?

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Birnin Kebbi, sana'ata shinkafa, shekaruna 57. Bara aka gano ina da hawan jini da ciwon suga. Likita ya ɗora ni kan magani, ya kuma ce in riƙa tafiyar ƙafa da hanzari, in yi ƙoƙari in kai ga cin kilomita guda a minti 10, wato kilomita 6 a awa. Kullum bayan sallar asuba nakan raka aminina lambunsa a bakin fadama, kilomita 3 daga ƙofar gidana, sannan in dawo ni kaɗai. Shi ne ya fara jan hannuna zuwa tafiyar nan lokacin da na karaya. Amma ya girme ni, gwiwa na damunsa, sai mun yi minti 45 kafin mu isa, manhajar awon tafiya da ke wayata tana nuna saurin kilomita 4 a awa. Ɗana da ke sakandare ya ce in na dawo da saurin 8 lissafi zai cika, matsakaicin zuwa da dawowa ya zama 6, tunda tsakiyar 4 da 8 ita ce 6. Na gwada har da sassarfa, na iso gida a minti 22 da rabi ina haki, wata rana ma jiri ya ɗebe ni sai da na dafa bango. Duk da haka wayar 5.3 ta nuna. Wayar ce ke ƙarya, ko wane sauri zan yi? Na biya kuɗin kujerar Hajjin baɗi, ina so in je da ƙarfina. Ko dai in daina bin aminina? Nauyin faɗa masa nake ji.

Mai karatu, daga Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam. Malam, Allah Ya ƙara sauƙi, Ya nufe ka da sauke farali cikin ƙoshin lafiya.

Kafin in taɓa lissafi, maganar jirin nan ta fi tsaya min a rai. Ka daina sassarfar daga gobe, kuma kada ka jira ranar da aka ba ka ta komawa asibiti, ka je ka shaida wa likitanka abin da ya faru kamar yadda ka rubuto min: tsawon tafiyar, saurin da ka yi, ko ka ci wani abu kafin ka fita, da lokacin da ka sha magani. Mai ciwon suga da ke shan wasu irin ƙwayoyin, ko yake allurar insulin, sugansa na iya faɗuwa idan ya yi aikin ƙarfi cikinsa ba komai. Alamunsa su ne rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa mai tsanani da duhun ido. Maganin hawan jini ma yakan sa jiri idan mutum ya yi gumi sosai ya kuma tsaya cak. Wanda ya san maganin da kake sha shi ne zai bambance maka wanne ne. Kafin nan, kada ka fita ba dabino uku ko ƙwayar suga a aljihunka, da gorar ruwa a hannu. Idan kuwa ka taɓa jin ƙirjinka ya ɗaure, ko zafi yana sauka kafaɗa da hannu ko muƙamuƙi, wannan ba abin a huta a gani ba ne, a wuce asibiti kai tsaye.

To, wayarka ba ta yi ƙarya ba. Ta faɗi gaskiya har da ɗigonta. Ɗanka ma ba sakarci ya yi ba, na yi shekaru ina koyar da lissafi a sakandare, kuma ban taɓa samun ajin da mafi yawan ɗalibai, har da masu kaifin ƙwaƙwalwar cikinsu, ba su ba ni irin amsarsa a karon farko ba.

Matsakaicin sauri hanyar fitar da shi guda ce: nisan da aka ci gaba ɗaya, a raba da lokacin da aka ɓata gaba ɗaya. Zuwa da dawowarka kilomita 6 ne. Kana so matsakaicin ya zama 6 a awa, ke nan minti 60 aka ba ka, ba ƙari. Kun cinye 45 a hanyar zuwa. Saura 15. A cikin minti 15 ɗin nan za ka ci kilomita 3, wato kowane kilomita a minti 5, wanda shi ne saurin kilomita 12 a awa. Ga amsar tambayarka ke nan: 12, ba 8 ba. Kuma 12 ta fita daga sahun tafiya, gudu ne sosai, irin wanda saurayi mai atisaye yake yi yana jiƙe riga. Mafi yawan mutane da sun wuce kilomita 7 da ɗan wani abu a awa, ƙafa da kanta take neman komawa gudu, shi ya sa ka ga sassarfa ta shigo maka a kan 8 ba ka gayyace ta ba. Zakarun gasar tafiya na duniya ne ke iya wuce 12 ba tare da sun yi gudu ba, su da suke cin kilomita 20 a ƙasa da awa guda da minti 20, kuma su wannan ce sana'arsu tun ƙuruciya.

Yanzu duba abin da ka yi. Minti 45 zuwa, 22 da rabi dawowa, jimla 67 da rabi. Kilomita 6 a cikin minti 67 da rabi, in ka juya shi zuwa awa, 5.3 ne. Dalilin shi ne, nisan zuwa da na dawowa ɗaya ne, amma lokacinsu ba ɗaya ba. Ka yanka tafiyarka gida uku daidai, kowane gida minti 22 da rabi. Gida biyu kana kan 4, gida ɗaya kacal kana kan 8. Haɗa 4 da 4 da 8, ka sami 16, ka raba uku, 5.3 ta fito. Sannu ta daɗe tare da kai, sauri kuwa leƙowa kawai ya yi, dole awo ya rinjaya wajen wadda ta daɗe.

Kai ɗan kasuwa ne, ka san wannan tun kafin in faɗa, sunan ne kawai ya bambanta. A ce, don misali kawai, ka sayi shinkafar naira 60,000 a Jega kwano 2,000, ka sake sayen ta naira 60,000 a Argungu kwano 4,000. Wanda bai san kasuwa ba zai ce kwano ya tsaya maka a 3,000. Kai kuwa za ka ƙirga: can na samo kwano 30, nan na samo 15, kwano 45 ke nan a kan 120,000, kowanne ya kama 2,667. Mai arahar ta fi yawa a buhu, sai ta ja farashin wajenta. Haka mintunan sannu suka fi yawa a buhun tafiyarka.

Lissafin ɗanka yana da wurin da yake cika, ka gaya masa don kada ya ji an rushe shi. Da a ce ka yi minti 30 a kan 4, sannan minti 30 a kan 8, to ka ci kilomita 2 da kuma 4, jimla 6 a awa guda cif. Idan lokaci ne ya zo daidai, tsakiyar lambobin ita ce amsa. Idan nisa ne ya zo daidai, kamar zuwa lambu da dawowa, amsar kullum tana ƙasa da tsakiya.

Nakan tuna yadda nake nuna wa ɗalibaina wannan. Sai in fitar da su fili da hantsi, mu auna mita 100 da igiya, mu zuba toka a farko da ƙarshe. In tsayar da yara biyu. Na farko in ce ya je a minti guda, ya dawo a minti guda. Na biyu in ce ya ja ƙafa ya yi daƙiƙa 90 kafin ya taka tokar can, sannan ya ninka saurinsa ya dawo a 45. Ina riƙe da agogo ina kiran daƙiƙu. Ajin gaba ɗaya suna tare da na biyu, domin shi ne ake ganin ƙura a bayansa yana dawowa. Amma na farko, wanda bai ko yi gumi ba, yakan taka toka ya juyo ya tsaya yana kallo, sai bayan daƙiƙa 15 ɗan'uwansa ya iso. Daga ranar ba na sake yin bayani a allo.

Ka daina yin lissafin nan da kilomita a awa, yana rikitarwa. Ka koma minti nawa kilomita guda yake ci, domin minti ana iya tarawa da ɗebewa kamar kuɗi. Raba 60 da saurin, shi ke nan. Saurin 4 minti 15 ne, 5 minti 12, 6 minti 10, 7 kusan minti 8 da rabi, 8 minti 7 da rabi. Sai ka ɗauka kowane kilomita an yanka masa minti 10. Duk kilomitan da kuka ci da amininka, kun ci bashin minti 5. Uku, bashin minti 15. Kai kuma a iyakar tafiyar da za ka iya jurewa ba gudu, a ce minti 9, kowane kilomita minti guda tak kake biya. Sai ka yi kilomita 15 kafin ka fita bashin. Ko ka matse ka kai minti 8 da rabi, sai ka yi 10. Cin bashin lokaci yana da sauƙi, biyansa ke da wuya, domin jinkiri ba shi da iyaka, sauri kuwa ƙafa da zuciya sun yi masa shinge. Da a ce ma kun yi awa guda kafin ku isa lambun, to magana ta ƙare, ko a kan babur ka dawo ba za ka sami 6 ba, lokacin duka ya riga ya tafi.

Akwai abin da nake so ka kalla da kyau, domin shi ya fi ba ni tausayinka. Idan ka dawo a natse da saurin 6, minti 30, wayar za ta nuna 4.8. Idan ka ƙara zuwa 7, za ta nuna 5.1. Da ka kai 8 har ka dafa bango, ta nuna 5.3. Ko da ka yi gudun 10, 5.7 za ta ba ka. Ka ga duk wahalar da ka sha, rabin lamba kawai ta motsa. Saboda rabin lamba ka kusa faɗuwa a bakin titi da sassafe, ba kowa kusa da kai.

Shi ya sa nake ganin lambar da kake bi ba ita ce likita yake nema ba. Ka tambaye shi ka ji, amma abin da ake so ga mai hawan jini da suga shi ne mintunan da zuciya ta yi tana aiki matsakaici. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya sami minti 150 zuwa 300 na irin wannan motsa jiki a mako. To, ƙirga naka. Dawowa daga lambu kilomita 3 ne. A minti 10 kowane kilomita, minti 30 ke nan. Kwana biyar a mako, minti 150 daidai. Kai kuwa kullum kake fita. Abin da ka je nema har da sassarfa yana nan a hanyarka ta dawowa tun farko, haɗa shi da tafiyar zuwa a ma'auni ɗaya ne ya ɓoye maka shi.

Don haka gyaran ɗan kaɗan ne. Kada ka kunna manhajar a ƙofar gida. Ku tafi da amininka a takunsa, kuna hirarku. In kun isa, ka sha ruwa, ku yi sallama, sannan ka kunna, ka auna dawowa ita kaɗai. Minti 45 na farko kuwa ba asara ba ne ko kaɗan. Jiki ya ɗumama, gaɓoɓi sun saki, bugun zuciya ya hau a hankali, kuma wannan shi ne abin da ake so mai hawan jini ya yi kafin ya ƙara sauri, maimakon ya tashi daga shimfiɗa ya figi hanya. Tafiyar sannu ita ma tana ƙona suga. Ga ta kyauta ce aka ɗora maka bisa abin da aka nema.

Kuma kada ka ce lallai gobe sai minti 30. Idan likita ya sahale ka ci gaba, fara da 33, wato minti 11 kowane kilomita, kusan 5.5 a awa. Wannan ma tafiyar hanzari ce cikakkiya, tunda tafiyar yau da kullum ta lafiyayyen mutum wajen 5 take. Ka yi mako biyu a haka. In ka ga kana isa gida numfashinka ya dawo daidai kafin ka gama cire takalmi, rage minti guda. Bayan wani makon ka sake ragewa. Wata guda zuwa biyu za ka ga kanka a 30 ba ka sani ba. Ma'aunin da ya fi waya kuwa yana bakinka: idan kana iya amsa gaisuwa ka yi magana jimla guda, amma ba za ka iya jan baitin waƙa ko doguwar ƙira'a ba, kana daidai. Idan kalma biyu ma sai ka tsaya ka ja numfashi, ka zarce, sassauta. Akwai kuma ƙirga taku. Dubi agogo, ƙirga takunka na daƙiƙa 15. In ka sami 25, taku 100 ke nan a minti, kuma a nan ne tafiyar mafi yawan manya take shiga matsakaicin motsa jiki. Don kaiwa 6 a awa, wanda shi ne mita 100 kowane minti, za ka ga ƙirgar ta haura 30. Ka ƙara yawan taku, kada ka buɗe ƙafa fiye da yadda ta saba, buɗe taku ke jawo ciwon ƙwauri da ƙugu. Lanƙwasa gwiwar hannu ka bar hannuwa su yi aiki, ƙafa za ta bi su.

Wata ɓarakar da ke cinye minti ba a lura ita ce gaisuwa. A garuruwanmu dattijo irinka ba ya wuce majalisa ko teburin mai shayi ya yi shiru, kuma ba na ce ka yi ba. Amma ka sani tsayuwar minti 3 a hanyar da aka yanka wa 30 ta mayar da ita 27, ke nan kowane kilomita ya koma minti 9. Kada ka biya wannan bashin da gudu. Ka tsayar da agogo in ka tsaya, ka kunna in ka tashi. Yawancin manhajojin nan suna da wurin da suke tsayawa da kansu idan mutum ya tsaya, ɗanka zai iya kunna maka. In kuma da hali, ka ɗaga hannu ka yi sallama kana tafe, ka ce likita ya sa ka, ka dawo da yamma ku gaisa a zaune. Mutane suna ganewa.

Game da wayar, na ce ta yi gaskiya a lissafi, amma a awon nisa takan ɗan kauce, domin da tauraron ɗan'adam take gane inda kake, kuma cikin lunguna ko ƙarƙashin itatuwa takan ƙara ko ta rage. Lambar da take nunawa nan take, wadda ke tsalle daga 5 zuwa 7, kada ka kula ta. Ka sa wani ya bi hanyar da babur ko mota mai lafiyayyar mita, ku sa alama a kowane kilomita: ga masallacin nan, ga bishiyar dogonyaro, ga gidan mai. Daga nan agogon hannu ya ishe ka. Minti 11 a alama ta farko, 22 a ta biyu, 33 a ƙofar gida. Idan ka iso alamar farko a makare da minti guda, ka bar shi ya tafi, ka riƙe takunka, kada ka ce sai ka cike a na gaba. In kana son gwaji a wuri shimfiɗaɗɗe, cikakken filin ƙwallo tsawonsa mita 105 ne, faɗinsa 68, zagaye uku a kan layi ya ɗan haura kilomita guda. Ka kuma yi wa kanka adalci, rairayin bakin fadama da hawa ba ɗaya suke da kwalta ba, minti 11 a cikin yashi ya fi minti 10 a titi aiki.

Na san za ka ce, to in likita ya nace cewa duk tafiyar ce yake so ta tsaya a 6 fa? Ga yadda za ka fitar da shi ko yaushe: lokacin da aka ba ka, ɗebe wanda ka riga ka ci, abin da ya rage ka raba wa kilomitocin da suka rage. A ce kilomita guda kawai kuka yi tare, minti 15. Saura minti 45 da kilomita 5, kowanne minti 9, kusan 6.7 a awa. Mai ƙarfi zai iya, da ƙyar. In kuka yi ɗaya da rabi tare, saura minti 37 da rabi ga kilomita 4 da rabi, kowanne minti 8 da daƙiƙa 20, wato 7.2, ka koma bakin sassarfa. Ke nan don wayar ta nuna 6, sai ka bar dattijo mai ciwon gwiwa a hanya da sauran kilomita 2 a gabansa. Ban ga likitan da zai ce maka wannan ya fi ba, alhali minti 30 ɗin da yake nema suna nan a dawowa.

Maganar amininka kuwa, ra'ayina a fili yake: kada ka bar shi. Ba don kara kawai ba, har don lafiyarka. Abin da ke kashe tafiyar asuba ba ƙarancin sauri ba ne, dainawa ce. Na ga mutane da yawa sun sayi takalmi da agogo, sun yi mako uku da zafinsu, sanyin hunturu na shigowa sai bargo ya ci su. Wanda ya san akwai mai jiransa a ƙofar masallaci shi ne ke fita ran da ba ya so. Kai da bakinka ka ce shi ya ja hannunka ran da ka karaya. Hausawa suka ce zumunci a ƙafa yake, naku kuwa a ƙafar yake da gaske, kilomita 3 kowace safiya. Kuma ina kyautata zaton ya lura da yadda kake duba waya kuna tafe. Dattijai ba sa rasa ganin irin wannan, wataƙila ma ya fara tunanin ya zame maka kaya, yana neman ranar da zai ce maka, tahi abinka kar in tsai da kai. Ka riga shi. Ka sa wayar a aljihu, ka gaya masa an yi maka lissafi an ce rakiyar nan ita ce ɗumama jikinka, ba ka da abin da ya fi ta. Gaskiya ce za ka faɗa. Kada kuma ka riƙa jan shi ya ƙara sauri, gwiwarsa ta san iyakarta. Abin da za ka yi masa shi ne ka matsa ya je a duba gwiwar, in bai je ba.

Hajji ma da ka ambata, abin da yake nema daga ƙafa shi ne juriya. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau bakwai ya kusa kilomita 3, kamar zuwanku lambu, kuma yana zuwa ne bayan ɗawafi. Ga tafiyar Mina zuwa wurin jifa da dawowa, kwana bayan kwana, cikin rana da cunkoso. A can ba mai yin 6 a awa. Taron ne ke yanka maka taku, ka yi sannu, ka tsaya, ka sake tashi, sa'o'i kana bisa ƙafa. Wanda ya saba da minti 75 kullum, 45 a takun wani, 30 a takunsa, ya yi shirin da ya dace. In ka samu ƙarfi, ka ware rana guda a mako ka tsawaita, ka kai kilomita 8, daga baya 10, ba tare da duba sauri ba, kuma ka yi ta da takalmin da za ka tafi da shi don ƙafa ta saba.

Tunda na ambaci takalmi: mai ciwon suga ba ya wasa da ƙafa. Silifas na roba ba na wannan tafiyar ba ne. Nemi rufaffen takalmi mai laushin ciki wanda bai matse yatsu ba, da safa mai tsabta, ka zazzage shi kafin ka sa don tsakuwa ko ƙaya. In ka dawo ka duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, domin suga yakan rage jin zafi, mutum ya yi kanta ko ƙaya ta soke shi bai sani ba sai ta zama gyambo. Lokacin fitarku kuwa ya yi daidai, ku riƙe shi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kebbi yakan haura digiri 40 da rana, gara a ce ka shigo gida kafin rana ta ɗaga. In azumi ya zo, ka sake zama da likita kan lokacin magani da lokacin tafiya, kada ka yanke da kanka.

Ka sami ɗan littafi irin na bashin shago, kowace safiya ka rubuta kwanan wata, mintunan dawowa, da yadda ka ji. Ranar da aka auna jini ko suga ka sa lambar a gefe. Shi za ka riƙa kai wa likita. Bayan mako huɗu ka rubuto min abin da ke ciki, mu duba ko lokacin rage minti ya yi. Ɗanka kuma ka ba shi wannan ya yi maka a takarda: in kun isa lambu a minti 40, wane sauri ake bukata a dawowa don matsakaici ya zama 6? In ya ce 9, ya gane. A gaishe min da amininka, Allah Ya ba shi lafiyar gwiwa, Ya sa albarka a lambun.